Ranar da Surukina Ya Ce Daga Jikinsa Ne

Mu duka na Allah ne, kuma ɗaya bayan ɗaya wurinSa muke komawa. Wannan karon Baba ne.

Ranar Talata da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi. Baba surukina ne a da. Shi ya haifi mijina na farko, kuma shekara goma sha ɗaya na yi a gidansa da ke Yakasai kafin aurenmu ya mutu. Adaidaita sahun da na hau ya daɗe a cunkoson Ƙofar Nassarawa, ban isa ba sai da aka dawo daga maƙabarta.

Lungun ya cika da tabarmi tun daga bakin masallacin unguwa har ƙofar zaure. Akwai tsofaffin ɗalibansa da suka bar motocinsu a bakin titi suka tako da ƙafa, wasu likitoci ne yanzu, wasu malaman jami'a. Akwai kuma wasu dattawa uku masu sayar da kifi da suka zauna gefe guda. Ɗayansu kuka yake bai ɓoye ba, yana cewa shekara talatin mutumin nan yana sayen kifi a wurinsa, bai taɓa tambayar ko yana da daɗi ba, sai dai ya tambayi a wane ruwa aka kamo shi. Can ƙarshen tabarma na hango tsohon mijina. Daga Abuja ya taso, shi ma bai samu salla ba. Ana miƙa masa hannu yana karɓa, kansa a ƙasa.

A cikin gida, da na yi sallama sai mata suka ɗago kai. Ba ni suke kallo ba, 'yata suke kallo, yarinya 'yar shekara huɗu da na haifa a gidan wani. Na durƙusa na yi wa Hajiya, matar Baba, gaisuwa. Sai ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya ta kifa fuskarta a kanta. Gwaggo, yayar Baba, tana kan darduma da carbi a hannu. Da wata maƙwabciya ta ce unguwa ta yi rashin mai gaskiya, sai Gwaggo ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Allah Ya jiƙansa. Amma akwai gaskiyar da ba a faɗa a tsakar gida." Wata tsohuwa ta ce boko ne ya yi masa yawa.

Kwana uku ina zuwa zaman makoki, kowa da ɓangaren da yake faɗa. Ɗalibansa suna maganar malami, maƙwabta suna maganar mutumin da ya tona asirin gidansa. Ni ce kaɗai na ga duka biyun a kusa, shi ya sa na ga in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru ba abin da zai rage daga gare shi sai tsegumin unguwa.

Baba malamin kimiyyar halittu ne a wata kwalejin horar da malamai, har ya yi ritaya. Mahaifinsa marubucin littattafai ne, irin masu kwafar littattafan addini da hannu, da alƙalamin kara da tawada. Baba ya gaji haƙurin zama daga wurinsa, da kuma lalacewar ido. Ranar da aka kai ni gidan, abin da na fara lura da shi da gari ya waye shi ne manyan bahuna huɗu jere a jikin katanga, kowanne da rayayyun kifaye, karfasa da tarwaɗa. Na ɗauka na miya ne. Hajiya ta ce in kiyaye su kamar yadda zan kiyayi wuta, ta ce shekara da shekaru tana zaune da kifin da ba ta taɓa sa wa gishiri ba. Baba yakan ɗauki ɗaya, ya ciri ɗan abu daga ƙodarsa, ya ɗiga a kan gilashi, ya rina, sannan ya shige ɗakinsa ya duƙa a kan maikuroskof, madubin nan mai ƙara girman abin da ido ba ya gani, har a kira azahar.

Ba shi da yawan magana. Shayinsa ba sukari. Duk Asabar yakan taka zuwa Kasuwar Kurmi ya zauna wurin masu tsofaffin littattafai, ya dawo hannu biyu, ƙurar takarda a hannun riga. In aka kawo masa labari, ko na siyasa ne ko na aljanu, tambayarsa ɗaya ce: "Da idonka ka gani?" Saboda wannan tambayar mutane da yawa suka daina kawo masa hira, shi kuwa bai nuna ya damu ba.

Tsakanina da shi akwai kunya irin ta suruka. Ba na cin abinci a gabansa, ba na zama inda yake zaune, in na gaishe shi a durƙushe nake yi, idona a ƙasa. Shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Malama, don ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata.

Shekara ta farko ta wuce ban samu ciki ba, ta biyu ma haka. A ta uku aka fara kai ni wuraren magani. Na sha saiwoyin da har yau in na tuna su nakan ji ɗaci a maƙogwaro. Na sha rubutu, na yi wanka da ganye, na tsuguna a kan hayaƙi har cinyoyina suka ƙone suka yi tabo. A asibiti an yi mini hoton mahaifa sau biyu, an yi mini wani ɗan aiki da ya kwantar da ni mako uku. Kowace likita abu ɗaya take cewa, ba ta ga komai a jikina ba, in zo da maigida. Mijina kuwa yakan yi dariya ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma ni shaida ce. Ba mugun mutum ba ne. Yana sona, yana saya mini magani, yana riƙe mini kai in ina amai. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa abin zai iya zama daga gare shi ba, kuma duk gidan ba wanda ya taɓa furta hakan. A bakin Gwaggo na fara jin an kira ni juya, a wurin wani biki, a gaban mutane.

Ranakun suna su ne suka fi yi mini nauyi. A unguwa irin tamu ba a mako biyu ba a yi suna ba, kuma in ba ki je ba an ce baƙin ciki kike, in kin je a miƙo miki jariri ana kallon fuskarki. Wata rana ina shirin fita zuwa wani sunan sai Baba ya aiko Hajiya ta ce yana da aiki da ni. Ya ce yana so ya rubuta ɗan littafi da Hausa a kan yadda ake gadon halitta, idonsa kuma ba ya jure rubutu. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa, labule a tsakaninmu, yana faɗa ina rubutawa. Sai da aka daɗe na gane cewa aikin nan ba ya tashi sai ranar da ake suna a unguwa. Duk mai tambayata sai Hajiya ta ce Malam ya sa ta aiki, ba mai iya cewa komai.

A bakin ƙofar nan na koyi abin da ya kwashe rayuwarsa yana yi. Ya ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe da ake kira kuromosom, a cikinsu aka rubuta gadon halitta, wanda ake cewa DNA. Bibbiyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Biyu daga ciki su ke raba mace da namiji, mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ya ce a can da X da Y tsayinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, suna musayar sassa kamar sauran, inda ɗaya ya lalace a gyara shi daga ɗan'uwansa. Da Y ya ɗauki alamar da ke sa ɗan tayi ya zama namiji, sai sannu a hankali ya daina musaya da X. Daga nan ya rasa mai gyara masa. Sai maimaici ya riƙa taruwa a jikinsa, layi ɗaya a rubuta shi a sake rubuta shi ba iyaka, abubuwa masu amfani kuma suna zubewa, har ya zama ɗan guntu a gefen X. Daga uba yake zuwa ɗa kai tsaye, ba ya biyawa ta wurin mace ko sau ɗaya.

Kifin kuwa, ya ce a wurinsu rabuwar ba ta yi nisa ba. In ka kalli biyun ba za ka bambance su ba, sai ka rina su ka ga wurin da maimaicin ya fara taruwa. Wannan ɗan tabon shi yake nema tun yana saurayi, don yana son ya ga yadda abin yake farawa. Sau ɗaya ya ɗaga labule ya ce in zo in duba. Na sa ido na ga wasu ƙananan sanduna kamar an watsa tsinken kwakwa, ɗaya da ɗan duhu a tsakiya. Na tambaye shi, cikin tsoro, ko irin wannan bincike bai taɓa imanin mutum. Ya ce shi karatu kawai yake yi, bai taɓa cewa shi ya rubuta ba. Ranar da ya ce a wurin kaji abin ya juya, kaza ce ke ɗauke da ɗan guntun ba zakara ba, Hajiya ta jiyo daga madafi ta ce ashe dai akwai inda aka bar wa mace. Wannan na cikin 'yan lokutan da na ji dariyarsa.

A shekarata ta takwas a gidan, ƙanin mijina ya cika shekara huɗu da aure, shi ma shiru. Su biyu ne 'ya'yan Baba maza, sai ƙanwarsu da ke aure a Gusau da 'ya'yanta biyar. Gwaggo ta fara zirga-zirga. Ta ce an haɗa mata biyu marasa sa'a a gida ɗaya, ta ce ta samo wa mijina 'yar gidan da ake haihuwa, a ƙara aure kafin sunan gidan ya ɓace. Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ni ma a lokacin na gaji har na fara ganin ko hakan ne sauƙi.

Sai Baba ya ce ba za a kawo 'yar kowa gidansa ba sai an yi gwaji. Da 'ya'yan suka fara noƙewa, ya ce shi zai fara. Ya sa su gaba zuwa wurin wani tsohon ɗalibinsa likita, ya naɗe hannun riga aka ɗebi jininsa a gabansu, sannan aka ɗebi nasu, aka yi musu sauran gwajin da ake yi wa maza. An aika da jinin Legas. Bayan makonni sakamako ya dawo.

Ina madafi bayan azahar na ji muryar mijina daga ɗakin Baba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba sai ranar. Daga baya muryar ta karye ta koma roƙo. Ya ce ya yarda ba zai ƙara aure ba, ya yarda a daina ba ni magani, zai ce wa Gwaggo shi ne ba ya so. Abu ɗaya yake nema, kada a faɗa.

"Baba, ka rufa mini asiri."

Sannan na ji Baba ya ce, "Shekara takwas ana rufa maka asiri da jikin yarinyar nan. In muka yi shiru, ita za a ci gaba da kira juya har ta mutu. Ba zan iya ba."

Washegari bayan la'asar ya tara mu a tsakar gida: Hajiya, Gwaggo, 'ya'yansa biyu, ni da matar ƙanin. Ya fito da wasu tsofaffin takardu na rubutun mahaifinsu ya ajiye a gaban Gwaggo. Ya nuna mata wani shafi da aka cika gefensa da ƙananan rubutu. Ya ce, "Yaya, kin tuna abin da ke faruwa da Malam mahaifinmu in layi biyu suka ƙare da kalmomi iri ɗaya?" Ta ce ta tuna, idonsa yakan tsallake daga na farko zuwa na biyu, duk abin da ke tsakani ya ɓace, sai ya dawo ya cike a gefe yana faɗa da kansa. Baba ya ce to haka yake faruwa a jikin Y. Maimaicin da ya taru a kansa yana da amfani, don da shi yake duba kansa ya gyara tunda ba shi da abokin gyara. Amma wani lokaci wajen kwafa sai a tsallake daga wani maimaici zuwa irinsa, abin da ke tsakani ya faɗi, kuma a nan ba mai cikewa a gefe. Ya ce abin da ya faɗi a gidan nan shi ne wurin da ke sa jikin namiji ya ƙera ƙwayoyin haihuwa. Ba ya taɓa ƙarfin mutum ko lafiyarsa. Ƙwayoyin ne kawai ba a samu.

Gwaggo ta tambaya, a jikin wa.

"A jikina," in ji shi. "Ni ne na farko da aka gani. Ni an bar mini kaɗan, har Allah Ya ba ni uku. Yaran nan a wurina suka ɗauka, su kuma kusan ba a bar musu komai ba. Ba laifinsu ba ne. Matan nan biyu kuwa lafiyarsu ƙalau. Daga yau duk wanda ya sake kiran ɗayansu da wannan suna, ni ya zaga."

Matar ƙanin ta fashe da kuka. Ƙanin ya rufe fuska da hula. Mijina ya miƙe a hankali, ya sa takalmi, ya fita, bai kalli kowa ba. Ni ban yi kuka ba. Na zauna ina ta kallon rariyar da nake zubar da ragowar magani.

Na ɗauka Hajiya za ta yi fushi saboda 'ya'yanta. Ta yi fushi, amma ba don haka ba. Wata guda ba ta yi wa Baba magana ba, sai ta aika masa da abinci ta hannuna. Wata safiya muna tsince shinkafa ta ce mini, idonta a kan faifai, "'Yar nan, ni ma shekara tara na yi kafin in haifi mijinki. Irin hayaƙin da kika tsuguna a kai, ni ma na tsuguna. Gwaggon nan ita ta kai ni." Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san zafinsa, kuma da hannunta ta riƙa kawo mini.

Magana ba ta zama a gida ba. Gidajenmu katanga ɗaya suke haɗawa, kafin mako ya zagayo an sani har bakin titi. Kuma ba yadda Baba ya faɗa aka ɗauka ba. A majalisa ba wanda ya damu da bambancin da ya yi ta ƙoƙarin nunawa, cewa aka yi 'ya'yan Malam mai kifi ba maza ba ne. Ƙanin ya jure, ya ci gaba da fita shagonsa har aka gaji da kallonsa, daga baya suka ɗauki riƙon ɗiyar ƙanwarsu, suna nan tare da matarsa har yau. Mijina bai iya ba. Ya daina zama a majalisa, ya sauya masallaci. Likitan ya gaya masa akwai hanyar da ake gwadawa, a nemo 'yan ƙwayoyin da suka rage a haɗa a waje a dasa, amma ba tabbas, kuma in namiji aka samu shi ma da wannan giɓin zai zo. Ya ce ba zai ba wani abin da aka ba shi ba. Ya nemi canjin wurin aiki zuwa Abuja.

Shekara uku na ƙara a gidan. Yakan zo bayan wata uku ko huɗu, ya gaida mahaifinsa daga tsaye a bakin ƙofa, ya wuce. Baba yakan amsa, ya bi bayansa da ido. Ni bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, shiru kawai yake yi, irin shirun da ya fi faɗa gajiyarwa. A zuwansa na ƙarshe ya ajiye mini takarda a kan gado ya ce in je in haihu. Na ce ban roƙe shi ba. Ya ce ya sani, abin da ya kasa ɗauka ke nan, duk lokacin da na kalle shi tausayi yake gani.

Ranar da zan bar gidan, Baba da kansa ya ɗauki akwatina, dattijo mai furfura, ya bi ta gaban majalisar nan da ita a kafaɗa har bakin titi. Da na durƙusa zan yi masa sallama ya ce, "Malama, gidan nan bai yi miki adalci ba." Ya miƙo mini littattafan rubutun nan huɗu da muka cika, ya ce su zauna a wurina. Littafin bai ƙare ba, suna nan a ƙasan akwatina.

Bayan shekara ɗaya da rabi na yi wani auren, shekara na zagayowa na haihu. Ban aika wa gidan ba, don na san haihuwata za ta zama sabuwar magana a bakin mutane a kan tsohon mijina. Amma ranar suna da safe aka ce mini ga wani dattijo can a cikin maza, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya yi addu'a, ya karɓi dabino ɗaya ya tafi. Baba ne. Wannan zuwan ma bai yi wa ɗansa daɗi ba. Hajiya ta ce daga ranar ko wayar Baba ba ya ɗauka.

Gwaggo tana cewa da ya yi shiru da gidansa bai watse ba. Wataƙila gaskiya ne. Ya rasa ɗansa na fari yana raye, ya rasa girman da yake da shi a unguwa, ya mutu ba jikan da zai ɗauki sunan gidan. Na sha tambayar kaina ko akwai hanyar da zai bi ya wanke ni ba tare da ya karya ɗansa ba. Ban samo ba. Na dai san cewa da ya yi shiru, da har yau ina shan saiwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mafi wuyar rubutawa.

Mako biyu kafin rasuwarsa Hajiya ta kira ni ta ce yana nemana. Ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa sama-sama. Wannan ne karo na farko da na shiga ɗakinsa na zauna. Bahunan kifi suna kife a jikin katanga. Ya sa Hajiya ta ɗauko wata ambulan daga cikin durowa ta ba ni. Takardar likita ce ta neman gwajin jini, da sunansa da na mijina na farko, ta yi ja saboda daɗewa. Ya ce in duba kwanan wata. Na duba. Shekarata ta uku a gidan ce.

Ya ce tun a lokacin ya yi zargi. Ya san shekara tara da suka yi da Hajiya, ya san abin da ya karanta, ya je har wurin ɗalibinsa aka rubuta masa takardar. Da ya dawo gida sai ya sa ta a durowa. Ya ce tsoro ya ji, ba na mutane ba, tsoron a duba a ga shi ne.

"Shekara biyar ina jin warin hayaƙin nan daga ɗakina, Malama. Na san ba zai yi miki komai ba. Mutane suna cewa na yi ƙarfin hali, wasu suna cewa na yi wauta. Ba wanda ya san na yi latti. Ki yafe mini."

Na riƙe takardar ina ƙirga abin da ya same ni a tsakanin wannan kwanan wata da ranar da ya tara mu. Aikin da aka yi mini yana ciki. Ƙunar cinyata tana ciki, da ranar bikin nan da aka kira ni juya. Na so in buɗe baki in faɗi kalma biyu kawai, suka ƙi fitowa. Abin da na ce shi ne, "Allah Ya ba ka lafiya, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce to, ba laifi, in gaida gida.

Na yi niyyar komawa ranar Juma'a. Juma'ar ta zo zuciyata ba ta sauka ba, na ce ta gaba. Ta gaban ma ta wuce.

Bayan addu'ar uku na gaya wa maigidana komai. Na ce mu mata ba ma zuwa maƙabarta, ina roƙonsa ya je ya tsaya a kan kabarin ya faɗa masa cewa na yafe. Ya ce ai Allah Ya riga Ya ji tun daga zuciyata, mamaci ba ya buƙatar ɗan aike. Na ce na sani, amma ya je. Ranar Juma'a da sassafe ya tafi, ƙanin tsohon mijina ya nuna masa wurin. Da ya dawo na tambaye shi me ya ce.

"Na yi masa sallama, na yi addu'a. Na ce, Baba, Malama ta ce ta yafe maka. Ta ce kai ma ka yafe mata."

Ban ce masa ya ƙara ta biyun ba. Sai a lokacin na iya yin kukan da ban yi ba a gidan makoki.

Ya Allah, bawanKa ya zo maKa da abin da ya faɗa da abin da ya jinkirta. Nawa haƙƙin na sauke masa. Ka sauke masa sauran, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya zuciyar ɗansa tun yana da sauran lokaci.